HELL HOUSE: Littafin Fatalwa da Batsa da Ya Raba Kan Masu Karatu

IDAN ana hirar littattafan ban tsoro na Turawa, musamman irin waɗanda ake gina labarinsu a kan gidan fatalwa, ba za a yi nisa ba sai an ambaci wani littafi mai suna Hell House, wato Gidan Jahannama. Wani marubuci Ba'amurke, Richard Matheson, shi ya rubuta shi, kamfanin ɗab'i na Viking ya buga shi a 1971. Yau sama da shekara 50 ke nan, marubucin ma ya daɗe da rasuwa, amma har yanzu ana sake buga littafin, ana saye, ana kuma ta da jijiyar wuya a kansa.

Me ya jawo haka? Abu biyu marubucin ya haɗa a tukunya ɗaya, tsoro da batsa. Wasu masu karatu sun ce haɗin ya yi daidai, domin shi ya sa littafin ya hana su barci. Wasu sun ce gishirin ya yi yawa har ya ɓata miyar. Akwai ma waɗanda suka kai tsakiya suka rufe shi saboda ƙyama. Mujallar nan ta duba littafin da fim ɗin da aka yi da shi, ta kuma auna hujjojin kowane ɓangare. Amma fa mai karatu ka sani, za mu fasa ƙwai game da ƙarshen labarin. Wanda ke da niyyar karantawa ya yi haƙuri da mu.

Wane ne Matheson?

Ko ba ka san sunansa ba, mai yiwuwa ka taɓa kallon aikinsa. An haife shi a Jihar New Jersey ta Amurka a 1926, ya rasu a watan Yuni na 2013 yana da shekara 87. Shi ne ya rubuta littafin I Am Legend a 1954, wanda aka mai da shi fim har sau uku: a 1964 da Vincent Price, a 1971 da Charlton Heston, sai na 2007 wanda Will Smith ya fito a ciki shi da karensa a kufan birnin Niyok. Shi ne kuma ya rubuta labarin Duel, fim ɗin nan na babbar motar da ke farautar wani matafiyi a kan titi, wanda Steven Spielberg ya ba da umarni a 1971 tun yana matashi. Haka nan ya rubuta wa shirin talabijin na The Twilight Zone labarai da dama.

Ke nan ba ɗan dagaji ba ne. Gwanin tsara labarin fim ne, wanda ya san inda zai ja numfashin ɗan kallo da inda zai sake shi. Shi ya sa da ya fito da littafi mai ɗauke da irin waɗannan abubuwa, ba a iya cewa rashin iyawa ne ya sa shi neman kasuwa da batsa ba. Da gangan ya yi, kuma a nan gardamar ta samo asali.

Labarin a taƙaice

Wani tsohon attajiri ne mai kamfanin jaridu da mujallu, Deutsch, ɗan shekara 87, ya ga mutuwa ta matso. Yana son a ba shi tabbaci: shin akwai rayuwa bayan mutuwa ko babu? Sai ya ɗauki mutum uku haya, kowanne zai ba shi dala 100,000, su je su yi mako guda a gidan Belasco da ke Jihar Maine, gidan da aka ce babu kamarsa wajen fatalwa, su kawo masa amsa.

Na farko Dakta Lionel Barrett, masanin kimiyyar fiziks, wanda shan-inna ta taɓa masa ƙafa, da sanda yake tafiya. Shi bai yarda akwai wata fatalwa ba. A ganinsa wani irin ƙarfi ne mai kama da na lantarki da jikin ɗan Adam ke fitarwa, ya taru a gidan, kuma ya ƙera wata ƙatuwar na'ura da zai share shi da ita. Matarsa Edith ta nace sai ta bi shi. Ta biyu Florence Tanner, tsohuwar 'yar wasan Holiwud da ta koma jagorar wani coci na masu aƙidar magana da ruhin matattu. Ita ta yarda akwai ruhohi a gidan, kuma tana ganin da addu'a da ƙauna za a sallame su. Na uku Benjamin Fischer, wanda ya shiga gidan a 1940 yana ɗan shekara 15 tare da wasu masu bincike, kuma shi kaɗai ya fita da ransa da hankalinsa. Shi kam ya zo ne ya toshe kunnensa da zuciyarsa, ya ƙirga kwana bakwai, ya karɓi kuɗinsa.

Shi kuwa gidan, wani hamshaƙi mai suna Emeric Belasco ne ya gina shi a 1919. Ya riƙa tara baƙi yana ciyar da su, yana shayar da su, yana kuma jan su sannu a hankali zuwa ga lalata, daga shaye-shaye da fasiƙanci har abin ya kai ga kisa da cin naman mutane. A 1929 da aka fasa ƙofar gidan, gawa 27 aka tarar, amma babu ta Belasco. An toshe tagogin gidan da bulo, hazo ba ya rabuwa da kwarin da yake, ga wani kududdufi mai wari a gabansa. Da baƙin nan huɗu suka shiga, sai ga muryar mai gidan a faifan garmaho yana yi musu maraba. To fa!

Matheson ya tsara littafin kamar rajistar asibiti: kowane babi da kwanan wata, kowane sashe da ƙarfe kaza da minti kaza, daga 18 zuwa 24 ga Disamba, 1970, wato jajiberin Kirsimeti.

Masu yabo: mugunta ai ba ta da kunya

Babban makamin masu son littafin shi ne sunan Stephen King, sarkin marubuta labaran ban tsoro na Amurka. King ya bayyana Hell House a matsayin littafin gidan fatalwa mafi ban tsoro da aka taɓa rubutawa, kuma masu ɗab'i sun daɗe suna manna wannan yabo a bangon littafin. Ya kuma sha faɗin cewa a cikin marubuta babu wanda ya yi masa tasiri kamar Matheson.

Hujjar wannan rukuni ita ce, idan marubuci ya ce maka gida ya cika da mugunta, to ya nuna maka. A yawancin labaran fatalwa na da, ƙofa ce ke rufe kanta, ko a ji takun ƙafa a sama, ko kyandir ya mutu. A nan kuwa gidan duka yake yi, cizo yake yi. Ana cikin cin abinci kwanuka da wuƙaƙe suka tashi suka yi kan Dakta Barrett. Kyanwar da suka shigo da ita ta juye ta far wa Florence. Babu batun wai ko mafarki ne.

Game da batsar kuwa, masu yabo suna cewa ita ce makamin Belasco tun yana raye, don haka ba abin mamaki ba ne ta zama makaminsa bayan ya mutu. Gidan yana laluben raunin kowa ne ya shiga ta nan. Barrett girman kai ne rauninsa, yana ganin na'urarsa ta gama komai. Fischer tsoro ne. Florence tausayi da yarda da kai, tana ganin Ubangiji ya zaɓe ta ta ceci wani ruhi. Edith kuwa mace ce da ta taso da tsoron namiji saboda abin da ta gani a hannun mahaifinta mashayi, ga kuma miji da ciwo ya hana shi sauke haƙƙin aure. A wurin masu yabo, da Matheson ya kau da kai daga wannan ɓangare, da ya yi wa mai karatu ƙarya game da yadda sharri ke shiga mutum. Suna kuma nuni da cewa ba a rubuta wuraren don su yi daɗi ba. Duk inda sha'awa ta taso a littafin, wulaƙanci da nadama ne ke biyo baya.

Masu suka: me ya sa sai mata?

Su kuma masu suka, ba duka ne masu cewa kada a ambaci jima'i a littafi ba. Da yawansu masoya labaran ban tsoro ne da suka saba da jini da gawa. Tambayarsu guda ce, kuma mai nauyi: me ya sa idan gidan zai kai wa namiji hari sai ya jefe shi da kwano ko ya buga shi da ƙasa, amma idan mace ce sai ya keta mata mutunci?

Duba dai ka gani. Edith gidan yana sa ta tashi cikin dare ta aikata abubuwan da idan ta farfaɗo take jin kamar ƙasa ta tsage ta shige. Florence kuwa an yaudare ta cewa akwai ruhin wani ɗan Belasco mai suna Daniel da ke cikin azaba, har ta gano ƙwarangwal ɗaure da sarƙa a bayan bango, aka binne shi. Daga nan aka shawo kanta cewa sai ta ba da kanta ruhin zai sami salama. Abin da ya biyo baya shi ne wurin da ya fi kowane wuri ta da hankali a littafin, kuma a nan ne masu karatu da yawa ke cewa sun ajiye shi. Masu suka suna ƙarawa da cewa ko a inda babu wata fatalwa, alƙalamin marubucin ba ya gajiya da siffanta jikin matan biyu, alhali mazan ba a damu da nasu ba.

Akwai kuma batun yadda littafin ya sa Edith cikin fargabar ko tana sha'awar 'yar'uwarta mace. Masu karatu na Yammacin duniya a yau suna ɗaukar wannan a matsayin tsohon tunani na shekarun 1970, suna kuma sukar marubucin a kai. Wasu kuma, musamman Kiristoci masu riƙo da addini, abin da ya fi ƙona musu rai shi ne ƙaramin cocin da ke cikin gidan, wanda Belasco ya cika da zane-zanen batsa, ya kuma wulaƙanta gicciye. A cikin wannan cocin ne Florence ta mutu.

Idan ka auna, hujjar nan ta mata tana da wuyar turewa. Gaskiya ne Barrett ma yana da nasa raunin na zaman aure, kuma gidan ya yi amfani da shi wajen muzanta shi. Amma a kan jikin matarsa aka yi muzantawar. Masu yabo suna cewa ai Belasco ne mai ƙin mata, ba Matheson ba. Masu suka suna amsawa da cewa Belasco bai riƙe alƙalami ba, marubuci ne ya zaɓi inda zai daɗe da inda zai wuce da sauri. A wannan gaɓar kam, mu a namu ganin, masu suka sun fi gaskiya.

Kura, ga tsoro ga ban tsoro

Abu na uku da ya raba kan jama'a shi ne ƙarshen labarin. Barrett ya kunna na'urarsa, gidan ya yi tsit, har Fischer ya zagaya ya ce babu komai. Dakta Barrett ya yi murna, ya ɗauka kimiyya ta yi nasara. Ashe da sauran rina a kaba. Ba a jima ba gidan ya hallaka shi. Saura Fischer da Edith.

A nan ne Fischer ya gano bakin zaren. Babu wasu ruhohi masu yawa a gidan, babu wani Daniel mai neman ceto. Belasco ne shi kaɗai yake sauya murya da kama. Kuma wannan mutumin da aka riƙa zuzuta tsawonsa da ƙarfinsa, ashe gajere ne, ɗan gaba da fatiha, wanda ƙyamar kansa ta kai shi ga sa a yanke masa ƙafafu a sa masa dogaye na jabu don ya zama ƙato a idon mutane. Fischer ya tsaya a cikin cocin ya yi ta zazzaga masa gori har ƙarfinsa ya karye. Suka tarar da gawarsa zaune a wani ɓoyayyen ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da dalma, abin da ya kare shi daga na'urar Barrett. Ka ga ke nan kowa ya yi rabin gaskiya: Barrett ya yi daidai a kan ƙarfin da ke cikin gidan, Florence ta yi daidai cewa akwai mai juya shi.

Wasu masu karatu dariya wannan ƙarshe yake ba su. Suna cewa, yanzu duk wannan bala'i, duk gawarwakin nan, ashe da gori za a kashe wutar? Ina ma tun ranar farko wani ya ce masa kai gajere, da kowa ya koma gida lafiya! Wasu kuma suna ganin nan ne hikimar littafin take. Azzalumi, in ka tona, sau da yawa matsoraci ne mai ɓoye wata kunya, kuma duk lalatar da ya jefa mutane a ciki don ya ga sun ƙasƙanta ne ya ji shi ya yi tsawo. Bahaushe ai ya riga ya faɗa: kura, ga tsoro ga ban tsoro. Wanda ya san wannan karin magana ba zai ga ƙarshen littafin baƙon abu ba.

Tsakanin Hill House da Hell House

Ba a hirar wannan littafi ba tare da an jawo wani ba. A 1959 wata marubuciya Ba'amurkiya, Shirley Jackson, ta fitar da The Haunting of Hill House. Dubi kamar sunayen, harafi ɗaya ne ya raba Hill da Hell. Dubi kuma tsarin: wani dakta mai bincike, mutum huɗu, maza biyu mata biyu, tsohon gida mai mugun tarihi. Sai dai ita Jackson ba ta nuna maka komai ƙuru-ƙuru. Ana buga ƙofa cikin dare, ana ganin rubutu a bango, amma har ka gama ba za ka rantse ko gidan ne ko ƙwaƙwalwar jarumar, Eleanor, ce ta taɓu ba. Sha'awa ma tana nan a littafinta, amma a lulluɓe, sai mai lura zai tsinkaye ta.

Shi Matheson sai ya ɗauki wannan tsari ya yaye masa mayafi. Saboda haka masu karatu suka rabu gida biyu, kamar magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo. 'Yan Jackson suna cewa abin da ba ka gani ba ya fi tsoratarwa, kuma Matheson ihu yake yi a inda raɗa ta isa. 'Yan Matheson suna cewa sun karanta Jackson har ƙarshe suna jiran wani abu ya faru bai faru ba. Abin dariyar shi ne, duka ɓangarorin biyu da Stephen King suke kafa hujja, domin a littafinsa na sharhi, Danse Macabre, na 1981, ya sa littafin Jackson a cikin manyan littattafan fatalwa guda biyu da ya ce babu kamarsu a cikin shekara ɗari. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

Zamanin da ya haifi littafin

Don a yi wa marubucin adalci, sai a dubi lokacin da ya yi rubutun. Kafin shekarun 1960, irin wannan littafi ba zai ma fita kasuwa ba a Amurka ko Ingila. A 1960 aka yi shahararriyar shari'ar nan a Landan a kan littafin Lady Chatterley's Lover, kamfanin Penguin ya yi nasara, ƙofa ta buɗe. A 1968 Holiwud ta yi watsi da tsohuwar dokarta ta tace finafinai, ta koma tsarin rarraba su bisa shekarun 'yan kallo. A 1967 Ira Levin ya fitar da Rosemary's Baby, labarin matar da Shaiɗan ya yi wa ciki. A 1971, shekarar da Hell House ya fito, William Peter Blatty ya fitar da The Exorcist, labarin yarinyar da aljani ya shiga yana sa ta furta ashar. Ke nan marubuta a lokacin kamar yaran da aka buɗe wa ƙofar gida suke, kowa na gwada iyakar inda zai iya kaiwa.

Masu sharhi da dama kuma suna ganin an ɗauko siffar Belasco ne daga wani Bature na gaske, Aleister Crowley, matsafin Ingila da ya rasu a 1947, wanda ya taɓa kafa gidan tsafi da holewa a tsibirin Sisili har gwamnatin Italiya ta kore shi a 1923. Ita ma aƙidar Florence ba ƙirƙira ba ce. Harkar kiran ruhin matattu ta yaɗu a Amurka tun daga 1848, kuma tana da coci-coci nata.

Da aka mai da shi fim

Ga inda abin ya fi shafar mu 'yan kallo. A 1973 aka fitar da fim ɗin da sunan The Legend of Hell House. Darakta John Hough ne, ɗan Ingila, kamfanin 20th Century Fox ya rarraba shi. Wa ya rubuta labarin fim ɗin? Matheson da kansa. Kuma da hannunsa ya zabge mafi yawan batsar.

An ɗauke labarin daga Amurka aka mai da shi Ingila, aka yi amfani da wani tsohon gida mai suna Wykehurst Place a yankin Sussex wajen ɗaukar waje. Clive Revill ya fito a Barrett, Gayle Hunnicutt a matarsa, wadda aka sauya wa suna zuwa Ann. Roddy McDowall, wanda aka sani a Planet of the Apes, shi ne Fischer. Pamela Franklin ta fito a Florence, aka mai da ita budurwa maimakon babbar mace. Gawar Belasco kuwa Michael Gough ne, dattijon nan da daga baya ya fito a Alfred, hadimin Batman, a 1989. Maimakon kiɗan goge da aka saba ji a irin waɗannan finafinai, sai aka sa wani sauti na na'ura mai kama da bugun zuciya da numfashi, aikin Delia Derbyshire da Brian Hodgson.

Abubuwan da littafin ya zayyana dalla-dalla, a fim da inuwa a bango da kallon ido da rufe ƙofa aka nuna su. Har hukumar rarraba finafinai ta Amurka ta ba shi matakin PG, wato yara ma za su iya kallo da sanin iyaye. To, sai ga wata sabuwar gardama. Masu sukar littafin suka ce, kun gani ko? An cire abin, kuma tsoron bai ragu ba, ashe dama ba dole ba ne. Masu yabo suka ce a'a, fim ɗin ya yi kyau amma an cire masa haƙora, Belasco na fim bai kai na littafi mugunta ba. Ko ma dai wane ne ya fi gaskiya, fim ɗin ya samu gurbi a cikin finafinan gidan fatalwa da ake komawa gare su. Waɗanda suka kalli Scary Movie 2 na 2001 za su tuna sunan gidan da aka yi barkwancin a ciki Hell House ne, har da faɗa da kyanwa. Daga nan aka kwaso.

Mu kuma fa?

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da rigimar Turawa? Ai irin wannan gardama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun a shekarun 1990 malamai da marubuta suka yi ta fafatawa a jaridu a kan littattafan soyayya na Hausa, waɗanda aka laƙaba wa Adabin Kasuwar Kano. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a 2007 kuma har ƙona littattafai aka yi a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Tambayar da ake yi a lokacin ita ce dai wadda masu karatun Hell House ke yi: wanda ya zayyana ɓarna, gargaɗi yake yi ko talla?

Haka nan jigon kansa ba baƙo ba ne. Bahaushe bai yarda matacce yana dawowa ya riƙe gida ba, amma ya san labarin gida mai aljanu, ya san namijin dare da macen dare, ya kuma ji yadda wasu marasa tsoron Allah ke fakewa da sunan cire aljani su ci zarafin mata. Duk marubuci ko furodusan da ya ce zai taɓa wannan fage, zai tsaya a mararrabar da Matheson ya tsaya.

Abin lura a nan shi ne, mutum ɗaya ne ya ba da labarin nan sau biyu, a 1971 ya faɗi komai, a 1973 ya rufe rabi. Na farkon ya jawo masa yabo da tsinuwa a lokaci guda, na biyun kuma ya tsorata mutane ba tare da sun ji kunyar wanda ke zaune kusa da su ba. Marubutanmu da daraktocinmu suna iya ɗora biyun a sikeli su gani da idonsu. Kafin a rubuta irin wannan fitowa, a tambayi kai: idan na cire ta, labarin zai rushe? In zai rushe, to a nemi hanyar nuna ta da mutunci, musamman mutuncin macen da abin ya faɗa wa. In kuwa ba zai rushe ba, to kasuwa ce kawai ake nema, kuma masu karatu ba yara ba ne, suna ganewa.

Ga wanda ke son gwadawa, shawararmu ita ce ya fara da fim ɗin. Littafin kam ba na yara ba ne, ba kuma na ajiyewa a falo ba ne. Masu karatu, ku fa me kuka gani? Wanne ya fi tsorata ku a fim, abin da aka nuna ko abin da aka ɓoye a bayan ƙofa? Filin wasiƙu a buɗe yake, muna jiran ra'ayoyinku.